Injin Wutar Da Ke Yawo Kan Mota: A Ba Shi Mai Kula, A Ba Shi Littafi

A garuruwanmu na arewacin Zamfara, watau Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya yanzu a yi wani taro ba a ga mota ta iso da injin wuta a bayanta ba. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukarsa in za su fita rigakafi, masu tallar magani suna ɗaure shi bayan akori-kura su yi ta zaga kasuwa da lasifika, makarantu suna aronsa ranar ba da kyaututtuka, haka nan masu biki da masu nuna wasan ƙwallo. Inji ne mai amfani ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma fa yana da hali uku da ke kashe mutum: hayaƙinsa guba ne, abincinsa fetur ne, abin da ya ke haifarwa kuwa wutar lantarki ce. Abin da ya sa na ke wannan bayani ga malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi shi ne, sau da yawa a hannunsu a ke danƙa irin wannan inji, su ne kuma jama'a ke kallo su yi koyi.

Maganar da na ke so ta zauna a zukatan masu karatu guda ɗaya ce. Injin da kowa ke tayarwa, ba kuwa wanda aka ɗora wa alhakinsa, shi ne ke lalacewa da wuri, shi ne kuma ke yin kisa. Maganin abin ba tsada gare shi ba: mutum ɗaya sananne da zai riƙe injin, da littafi ɗaya da za a riƙa rubuta aikinsa.

DARASI DAGA MOTAR MAJIGI

Ɗora injin wuta a kan mota ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Ikko, ta kuwa daɗe ba ta tafi ba. Wani Bature jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya ga jawabi kaɗai ba ya isar da saƙo, sai ya shiga nuna wa jama'a hotuna da fim don su ga yadda cutar ke tafiya. Daga nan aka ƙera mota ta musamman mai ɗauke da na'urar nuna fim da farin allo da lasifika, da injin da zai ba su wuta a inda babu lantarki. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin shirya fim domin ƙasashen da ta ke mulki, ta sa shi Sellers ɗin ya shugabance shi. Irin wannan mota ita ce Hausawa suka laƙaba wa suna majigi.

A zamanin Gwamnatin Jihar Arewa motocin majigi sun zaga larduna, har da Lardin Sakkwato, wanda a lokacin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke cikinsa ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ƙaura kuwa wuri ne da a ke nufa, domin tun 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tuƙe a nan, gyaɗa da auduga suna taruwa a tasharta. Akan kafa allo a fili, ko ƙofar fadar hakimi ko filin makaranta, bayan magariba a nuna fim na tsabta da noma da Yaƙi da Jahilci. Dattawa da yawa har yau suna tuna Baban Larai.

Abin lura a nan shi ne tsarin aikin. Motar majigi tana tafiya da ma'aikatanta, kowa da aikinsa: ga direba, ga mai sarrafa na'ura, ga mai yi wa jama'a bayani. Ba a barin ɗan kallo ya sa hannu a inji. A fili a ke aikin, iska tana kwashe hayaƙi. Motar gwamnati kuma ba ta rabuwa da littafinta, inda a ke rubuta tafiyar da ta yi da man da ta sha. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, majigi ma ya wuce, inji kuwa ya yi araha har ya shiga hannun kowa. Injin muka gada, tsarin muka bari a baya.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da su ke yi wa ciki kamar ɗaki, da gado da murhu da firji, iyali su shiga su tafi hutu su riƙa kwana a cikinta. Yawancin manyansu da injin wuta a jikinsu, kamfanoni irin su Onan sun yi suna wajen ƙera shi. Da ya ke mutane suna barci kusa da injin, an daɗe a can ana nazarin haɗarinsa, ƙa'idodin da suka fitar kuwa sun dace da namu injin da mu ke ɗaurawa bayan mota, sai dai a ƙara musu abin da ƙurarmu da zafinmu ke bukata.

GUBAR DA BA A GANI

Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Baƙin hayaƙin da mu ke gani da warin da mu ke ji wasu abubuwa ne dabam, saboda haka injin da ke aiki lafiya lau, ba ko ɗigon hayaƙi, shi ma yana fitar da ita. Wannan iska ce dai ke kashe waɗanda su ke shiga da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu su rufe ƙofa da taga.

Ga yadda ta ke ɓarna. A cikin jini akwai wani jan sinadari wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran jiki. To, wannan sinadari ya fi kama kabon monoksaid fiye da yadda ya ke kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Da zarar gubar ta shiga huhu sai ta tare wurin, mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙaramin inji guda yana iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motoci, domin motocin zamani suna da abin da ke rage ta a salansa, shi kuwa ba shi da shi.

Alamunta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, sa'an nan ruɗewa da barci mai nauyi. Kun ga ke nan ta yi kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa mutum zai sha ƙwayar ciwon kai ya koma ya kwanta a inda gubar ta ke. Amma akwai bambanci da kowane malami ya kamata ya koya wa ɗalibansa. Ita ba ta zuwa da zafin jiki. Tana kama duk waɗanda ke wuri ɗaya a lokaci ɗaya, har da kaji da kyanwa. In an fita waje kuma sai a ji dama-dama. Mai barci ba ya jin kome, daga barcin sai lahira. In aka wayi gari aka tarar da mutanen ɗaki guda duk sun sume ko sun mutu, akan ce abinci ne ko sammu ko iska, alhali kuwa ga inji nan a zaure tankinsa ya ƙafe.

In haka ta faru, wanda zai shiga ceto ya cika ƙirjinsa da iska a waje, ya riƙe numfashi, ya buɗe ƙofofi, ya kashe injin, a fito da mutane fili nan da nan. Wanda ya sume a kwantar da shi ta gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko wani jiƙo, ba sa fitar da gubar, suna ma iya gangarawa cikin huhu. A garzaya da shi asibiti, ko Babban Asibitin Ƙaura ko wanda ya fi kusa, a kuma gaya wa likita a fili cewa hayaƙin inji ne, domin maganinta oksijin ne. Da iskar waje kaɗai sai jiki ya yi awa huɗu ko biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa wajen awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi, balle jariri da mace mai ciki da tsoho.

INDA ZA A GIRKE SHI

In an isa wurin aiki, abin da ya fi shi ne a sauko da injin daga mota a girke shi a fili, a kan ƙasa mai tauri wadda ba ta karkace ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a nisanta shi ƙafa 20, watau wajen mita 6, daga kowace ƙofa da taga. A juya bakin salansa ya ba mutane baya, a kuma duba inda iska ke kaɗawa. Zaure ba fili ba ne, haka nan shago, da lungun da ke tsakanin ɗakuna biyu, da rumfar da aka kewaye da zana. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya mai da ɗaki fili.

Na san dalilin da ke sa mutane su jawo inji cikin gida da dare: tsoron ɓarayi, musamman a wannan yanki da sha'anin tsaro ya wahalshe shi. Dalili ne mai ƙarfi, amma yana da magani. A kafa ƙarfe a ƙasa da siminti, a ɗaure injin da sarƙa da kwaɗo, ko a sa maƙeri ya yi masa keji mai rufi wanda iska ke ratsawa ta kowane gefe. In lokacin barci ya yi a kashe shi, a bari ya huce, sa'an nan a shigo da shi.

In kuwa tilas injin ya yi aiki a kan mota, kamar na masu shela da talla, to, sai a buɗaɗɗiyar mota. A ɗaure shi tamau, salansa ta dubi baya ta zarce jikin motar, kada kowa ya zauna a bakinta, kada kuma a lulluɓe shi da tamfol. Tayar da inji a cikin bas ko a but ɗin ƙaramar mota ganganci ne ko da an zuge gilasai. Motar da injinta ke manne a jikinta, a duba bututun hayaƙin kullum kafin a tayar, kada ya huje ko ya kwance, kada kuma a tsaya da bakinsa yana fuskantar bango ko wata motar. Direba da yaron mota kada su kwanta a ciki ko a ƙarƙashin mota inji yana aiki. Akwai wata 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan guba, duk hukumar da ta iya sayen inji ta iya sayenta.

FETUR DA GOBARA

Ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, shi kuwa ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa ya malala har ya tarar da murhu ko fitilar aci-bal-bal da ke can gefe. Saboda haka ba a zuba mai inji yana aiki. A kashe shi, a ba shi kamar minti 15 ya huce, a zuba da mazurari, a bar ɗan sarari a tanki domin mai yana kumbura da zafi, a goge wanda ya zube, a kawar da jarka nesa, sa'an nan a tayar. In da dare ne a haska da tocila, ban da ashana, ban da sigari. Na san abin da ke sa gaggawa: taro ya yi daɗi, inji ya fara tari, jama'a suna kira a ƙara mai. Mai kula da inji na kirki shi ne wanda ya cika tanki tun kafin a fara, ya kuma san awa nawa zai kai shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, a watan Mayu na 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin mai, kuɗinsa ya hau. Waɗannan abubuwa sun koya wa mutane ɓoye mai a cikin ɗaki da sayensa a kwalabe wurin 'yan bumburutu. Ɗakin kwana da aji da ofis ba ma'ajiyar fetur ba ne, a nema masa wuri mai inuwa a waje inda yara ba sa kaiwa. Man kwalba kuma a tace shi da tsumma mai tsabta, domin ƙasa da ruwa ba sa rasa shiga.

In za a yi tafiya a rufe famfon mai na injin, a tsai da shi daidai kada ya kwanta, jarka kuma kada ta shiga inda mutane ke zaune. Da kaka, sa'ad da karan dawa da busasshiyar ciyawa suka cika ko'ina, a share wurin da za a girke shi, don salansa tana zafin da zai kunna su. A ajiye bokitin yashi kusa, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, sai ma ya ɗauke ta ya yaɗa.

LISSAFIN KAYAN DA ZAI ƊAUKA

Jaki ma yana da iyakar kayansa. A jikin kowane inji an rubuta ƙarfinsa, amma sau da yawa babban adadin da aka rubuta na ɗan lokaci ne. Injin da aka ce KVA 2.5 ne, a ƙiyasta shi wat 2,000, a kuma tsaya a kashi uku cikin huɗu na wannan, watau wat 1,500. Ga misali da za a iya ba 'yan aji shida. Ƙwan fitila 10 masu wat 15 sun ci 150. Akwatin lasifika ya ci 400. Na'urar nuna fim ta ci 300. Fanka biyu masu wat 75 sun ci 150. Jimla wat 1,000, saura 500. To, in za a ƙara firjin ajiye allurar rigakafi mai wat 150, kada a lissafa shi 150, domin duk abin da ke da mota a cikinsa, kamar firji da famfon ruwa, yana fizgar ninki uku ko fiye a daidai lokacin da zai tashi. A ba shi 450, an kusa cika ke nan, ba sauran wurin dutsen guga, wanda shi kaɗai yakan ci wat 1,000. Ƙaramin injin nan mai lamba 950 kuwa ainihin ƙarfinsa bai wuce wajen wat 650 ba.

Kafin a tayar a cire duk abin da ke jone. In ya tashi a bar shi minti biyu ko uku ya daidaita, sa'an nan a jona kaya ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi nauyi. In za a kashe a bi ta baya: a cire kaya, a bar shi ya ɗan yi gudu ba kaya, a kashe. Kada a bari mai ya ƙare masa da kaya a jone, wutar da ke hawa da sauka a lokacin ita ke ƙona na'urori.

Waya kuma a sayi mai kauri, araha ba ta ado. Siririyar waya tana zafi har ta narke, wadda aka nannaɗe a kan abin naɗinta ma haka, sai a warware ta duka. Kada a cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinke. Kada a taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu ko a tsaya cikin ruwa. Wutarsa daidai ta ke da ta gida, tana kuwa kisa. In ta kama wani a kashe injin tukuna, in ba hali a ture shi da busasshen itace.

Akwai kuskure guda da ke kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, watau a jona inji kai tsaye da wayar gida ko ta makaranta ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda masu aikin wuta ke kira canji-oba. Wutar injin sai ta bi layi ta fita waje, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubbai, ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana tsammani babu wuta. In kuma aka kawo wuta kwatsam, injin ne zai ƙone. Wannan aiki, da na kafa sandar ƙarfe da ke kai wuta ƙasa, sai ƙwararren mai aikin lantarki.

ƘURA DA ZAFI DA RUWA

Irin waɗannan injuna suna juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, ba hutu. A awa 100 sun juya sau miliyan 18 ke nan, da baƙin man da bai kai lita ɗaya ba. Motar da ta yi awa 100 tana gudun kilomita 50 ta ci kilomita 5,000, ba kuwa direban da zai ƙi yi mata juye. Saboda haka a duba baƙin mai duk ranar da za a yi aiki, inji yana tsaye daidai. Sabon inji a yi masa juyen farko bayan kamar awa 20, daga nan kowace awa 50 zuwa 100, gwargwadon abin da littafin kamfanin ya ce. A juye shi da ɗuminsa don dattin ya biyo. Ƙara sabo a kan tsoho ba juye ba ne, barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Ƙaramin injin da ba shi da wurin baƙin mai, cikin fetur a ke gauraya masa nasa man na musamman, yawanci kashi 1 cikin 50, watau cokalin shayi huɗu a lita guda. In ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa filogi ya toshe.

Kowane lokaci na shekara da irin cutarsa. Da hunturu ƙura ce. Soson da ke tace iska yana toshewa, inji ya riƙa shan mai da yawa yana baƙin hayaƙi, gubarsa ma ta ƙaru. A wanke soson da sabulu kowane mako, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Wanda ya cire soson ya yar don inji ya sami iska, yashi ya ke ba shi ya ci. Da bazara, sa'ad da zafi kan kai digiri 40, a yi masa inuwa mai tsawo, a rage masa kaya, a share ƙurar da ta toshe haƙarƙarin da iska ke bi ta sanyaya shi. Da damina a ɗora shi kan katako ko bulo ƙarƙashin rufi mai buɗaɗɗen gefe, a ɗaga mahaɗin wayoyi daga ƙasa, a kuma riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin kafireto.

Zama ma yana kashe inji. Fetur ɗin da ya yi wata biyu ko uku a kafireto yakan zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyinsa. Injin makaranta da aka kulle tun farkon dogon hutu, shi ne ranar buki a ke ta jan igiya har ta tsinke. Masu ƙera injin motocin hutu da na ambata suna ba da shawara a tayar da shi kowane wata ya yi kamar awa biyu da rabin kayansa. In kuwa za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a tsiyaye tanki, a bar shi ya shanye na kafireto har ya mutu da kansa, a rufe shi a busasshen wuri. A jakar mai kula kada a rasa filogi sabo, da sifanar filogi, da igiya, da fis, da tocila.

MUTUM ƊAYA, LITTAFI ƊAYA

Duk abin da na zayyana ba mai wuya ba ne, wuyarsa ita ce wa zai yi. Inda mutum goma ke tayar da inji, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya duba mai. Don haka shawarata ga hedimastoci da shugabannin sassa ita ce, a rubuta sunan mutum ɗaya da mataimakinsa, a tura su wurin makaniki su yini biyu suna koyo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙaura tun 1983, ba a rasa masu sani a kusa ba. In za a ba da aron injin, a ba da shi tare da mai kula da shi, in ba haka ba a haƙura.

Littafin kuwa na rubutu ne irin na 'yan makaranta, a ja masa layi shida: kwanan wata, lokacin tayarwa, lokacin kashewa, litar man da aka zuba, gyaran da aka yi, da sa hannu. Akawu ya san amfanin wannan fiye da kowa. Daga littafin za a san ranar juye ba da ka ba. Daga shi za a raba lita da awa a san abin da injin ke sha. In a watan jiya yana shan lita ɗaya a awa, a wannan wata ya koma ɗaya da rabi, kaya kuwa ba su ƙaru ba, to, ɗayan biyu ne: ko inji ba shi da lafiya, ko mai yana bin wata hanya. Ko wanne ne, gara a sani da wuri. A bangon farko a rubuta ƙa'idodi huɗu da manyan baƙaƙe: ba a tayar da shi a cikin ɗaki ko mota, ba a zuba mai yana aiki, ba a jona shi da layin gida sai da makunnin sauya layi, ba a barci a bar shi yana aiki.

Wutar hasken rana tana ta yaɗuwa, inda hali ya yi kuwa ta fi, don ba hayaƙi ba ƙara. Amma kafin ta kai ko'ina injin fetur zai daɗe yana hawa motocinmu. Ina roƙon malamai su ware darasi ɗaya a wannan zango, cikin awar kimiyya ko ta kiwon lafiya, su koya wa yara alamun wannan guba da lissafin kayan inji. Sau da yawa yaro ne a ke aike ya tayar da inji da magariba, shi ne kuma zai iya ce wa mahaifinsa, cikin ladabi, a fitar da shi daga zaure. Allah ya kiyashe mu.